Idon da Ke Cikin Kwamfutar Alhaji

Akwai wani Alhaji a Nassarawa GRA da ya san abin da ke cikin kwamfutar gidansa, ya ja bakinsa ya yi gum. A sahun farko yake salla, ranar da aka ƙaddamar da shari'a kuwa kabbararsa ta danne ta kowa. Ba sai na kama suna ba, ya san kansa.

Shi ya tura direba unguwar Gawuna ya ɗauko Mahmudu mai gyaran kwamfuta. Wai wajen sa faifai ne ya haɗiye sidi ya ƙi tofarwa. Mahmudu kuwa ido ne jarinsa. Wayar da ta fi gashi siranta, ba tabarau zai gano maka inda ta tsinke.

Rana ta yi ja suka isa. Direba ya sauke shi ya juya mota, ko sallama babu. Gida tsit, ba hayaniyar yara, ba ƙamshin girki, sai jemagu na tsuwa a kan mangwaro. Baba Ja'afaru maigadi ya rako shi bakin falo, ya toge.

"Ɗana, ka yi bisimilla kafin ka taɓa ta," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Baba, kwamfuta ce fa, ba tuwo ba."

"Ni dai na fita haƙƙinka."

"Ba za ka shigo ba?"

"Aikina a ƙofa yake."

Falon na warin hayaƙin habbatus sauda da wani ƙauri kamar an babbaka gashi. Mahmudu ya kunna kwamfutar, ya danna maɓallin buɗewa. Koriyar fitila ta ƙyafta, aka ji ƙurr, shiru. Ya duba wayoyin ciki, lafiya lau. Sai ya zaro allura ya zura a ɗan ramin da ake buɗe ta da hannu.

Farantin ɗora faifan ya zuro a hankali, kamar harshe.

Faifan da ke kai ya lanƙwashe kamar gurasa, da zafinsa. An rubuta masa da biro: Ayoyin ruƙiya. Wa ake wa ruƙiya a gidan da babu kowa? Ya daure, ya ce ƙila datti ne a idon da ke karanta faifai. Ya kwance murfin, ya tsoma auduga a sifirit.

Ladan ya ɗaga murya. Nepa ta ɗauke wuta.

Fanka ta tsaya. Wajen sa faifan kuwa bai tsaya ba, yana ta juyawa a cikin duhu, ƙurr, ƙurr.

Ya cije tocila da haƙori, ya runtse idon dama, ya kai na hagu kusa. Ya dangwala audugar.

Idon ya ƙifta.

Har da gashin ido.

"Da me ka shafa mini?" Muryar tsohuwa ce, siririya, daga cikin ƙarfen.

Tocilar ta faɗi daga bakinsa.

"Mai gidan ya sare tsamiyata. Na fake a nan, ya ƙona ni da karatu. Yanzu kuma ya turo ka ka tsiyaye mini ido?"

"Wallahi, Iya, ban sani ba."

"Shi ya sani. Amma hannunka ne. Ba shari'a kuke yi ba? Ido da ido."

Wani jan haske kamar tsinin allura ya soki idonsa na hagu. Ya ji ƙaurin naman kansa. Da rarrafe ya kai ƙofa, Baba Ja'afaru ya finciko shi waje yana karanta Ayatul Kursiyyu.

Idon Mahmudu na hagu bai ƙara gani ba. In rana ta haska shi, sai ya riƙa walƙiya kala-kala kamar bayan sidi, yara su watse da gudu. Gyara ya gagara, yau caja da batir yake sayarwa a kan tebur. Maigadin ya zo wurinsa da hawaye, ya ce tun farko an ja masa kunne kada ya gaya wa mai gyara komai. Alhaji kuwa ko sannu. Saƙo ya aiko wai gangancin yaron ne. Kwamfutar ma sadaka ya bayar da ita ga wata makaranta a Kawaji, aka yi masa addu'a, aka ɗauki hoto.

Ka ce sharri nake masa? To, tana can har yau, ba ta buɗewa, ana neman mai gyara. Ga auduga, ga sifirit. Wane idon za ka fara kai mata?