Koren Faci a Fiffiken Hagu

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Alhamis aka bugo waya ofishin 'yan sanda, aka ce an yi ɓarna a kulob ɗin masu haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, wanda ke saman shagon mai shayi a unguwar Ibrahimiyya. Sufeto Wagdi Hammuda ya ture gurasarsa da wake gefe, ko rabi bai ci ba. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki a Iskandariya ta ƙasar Masar, yau ce rana ta farko da aka tashe shi daga karin kumallo saboda jirgin roba.

Tun daga matakala shi da Saje Gabir suka jiyo hayaniya. Dattawa kusan goma, masu furfura da tabarau, sun yi wa wata mata zobe. Tana manne da bango riƙe da tsintsiya, sai rantsuwa take yi, babu mai saurarenta.

"Ga ta nan, Basha!" in ji wani dogo mai kwat da ke ta ƙamshin turare, yana kiran Sufeto da laƙabin manya. "Ni ne Injiniya Midhat Sirri, shugaban kulob. Gobe za mu buɗe gasar shekara, mai sharar nan ta kaɗo mana jirgin Usta Shukri. Wata goma sha huɗu bawan Allah ya yi yana haɗa shi. Duba ka gani!"

Sufeto ya tsuguna. Jirgin Mig ne wanda tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, ya baje a ƙasa kamar an taka ƙwai. Abin da ya faɗo daga tebur karyewa yake yi, ba ya bajewa haka.

"Wa ya ga lokacin da ta kaɗo shi?"

Wani gajere ya ɗaga yatsa, idonsa a ƙasa. Adli ne, sakataren kulob. "Na... na gan ta tana kakkaɓe teburin."

"Wallahi ƙarya ne!" in ji matar.

"Rufe mana baki!" Midhat ya daka mata tsawa. "A rubuce na shigar da ƙara, Basha. Sai ta tsaya gaban alƙali."

Sufeto ya karɓi kwalin takalmi, ya shiga tsince ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya. Ga fukafukai, ga wutsiya, ga tayoyi, har da 'yar kujerar matuƙi da ɗamararta.

"Ina murfin gilashin da ke rufe matuƙi?"

"Ta share shi mana," in ji Midhat.

Saje ya zazzage kwandon shara a kan jarida. Ganyen shayi ne kawai da guntayen taba.

Duk da haka ƙara ƙara ce, kuma ga mai shaida. Dole aka tafi da matar. Dattawan nan da ta shekara goma sha tara tana wanke wa kofuna, ko ɗaya bai ce a dakata ba. Suna ta jajanta wa roba, suna matsa wa mutum hanya a fita da shi.

A ofis ya sa aka kawo mata shayi. Umm Karam ake kiranta, shekarunta sun haura hamsin. Ta riƙe kofin da hannu biyu, ta kasa sha.

"Basha, ba kulob kaɗai nake sharewa ba. Gida huɗu a benen da kulob ɗin yake makullinsu na hannuna. Ranar da sunana ya shiga takardar kotu, wa zai sake ba ni makulli? Da me zan ci da jikokina?"

Gaskiya ta faɗa, kuma Sufeto ya sani. Ƙarfe uku ake kai fayilolin ranar wurin mai gabatar da ƙara. In nata ya bi su, sunanta ya shiga ke nan.

"Kina taɓa teburan?"

"Ni? Tun ranar da na fara aiki suka ce ko inuwata kada ta hau tebur. Ƙasa kawai nake sharewa, ita ma sai na duƙa na duba, kar in haɗa da wani ɗan abu nasu."

"Yau fa?"

"Bakwai na buɗe ƙofa. Hancina ne ya fara gaya mini akwai wani abu. Warin sabon fenti."

"Wurin masu fenti ne ai, Umm Karam."

"A'a, Basha, a gidajensu suke fenti. Jirgin Usta ya fi wata biyu a kan teburin nan, ba ya warin komai. Wannan na ƙasan shi ke wari."

Sufeto ya buɗe kwalin ya sunsuna. Wari kuwa, har yana hawa kai.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Injiniya, da Adli."

Usta Shukri a Anfushi yake zaune, cikin masunta. Tsohon makanikin sojan sama ne, shi ya sa ake ce masa Usta, yana neman shekara tamanin. Tun da aka bugo masa waya da labarin bai fita ko'ina ba. Sufeto ya same shi a kan kujera gaban taga, hannuwansa a kan gwiwa.

"Shi ne na ƙarshe, ɗana," in ji tsohon. "Hannun nan ya gama aiki. Kau da kwalin, ba na son gani."

"Daure ka duba, Usta. Akwai wadda ke tsare a kansa."

"Wa?"

"Umm Karam."

Tsohon ya zabura har sandarsa ta faɗi. "Umm Karam? Sun haukace ne? Matar da in ta tsinci farfela ƙarama kamar ƙwayar shinkafa sai ta adana mana a faranti? Miƙo kwalin nan!"

Ya ɗauki hancin jirgin ya girgiza kusa da kunnensa. Ya sa farce ya ɓalle shi. Ƙananan notuna uku suka zubo a tafin hannunsa.

"Noti! Ni zan sa noti?"

"Me suke yi a ciki?"

"In ba ka sa wa hanci nauyi ba, jirgi zama yake yi a kan wutsiya kamar kare. Kowa da abin da yake sawa. Ni ɗan Anfushi ne, dalmar fatsa nake sawa tun kafin a haife ka." Ya tona cikin kwalin ya zaro fiffiken hagu, ya kai shi dab da ido. Sai ya yi wata irin dariya marar daɗi. "Wannan ba jirgina ba ne, Basha. Ina facina?"

"Wane faci?"

"Na gasken, babban, ni nake kula da shi ina saurayi. Wata rana tsuntsu ya huda masa fiffiken hagu. Na yi masa faci, na je sito babu fenti ko cokali ɗaya. Sai na samo ragowar koren da aka shafa wa ƙofar kicin ɗin bariki, na shafa. Haka ya yi ta tashi shekara biyu. Da na zo haɗa ƙaramin, na mayar masa da korensa."

"Kowa ya san da wannan?"

"Har faɗa aka yi a kai! Midhat ya tara littattafai a gabana, wai babu hoto ko ɗaya da ya nuna kore, wai ina ɓata tarihi. Na ce masa, Injiniya, lokacin da nake kwance ƙarƙashin jirgin nan kai kana tsotson yatsa. Ya nemi a cire ni daga gasa, sauran suka ƙi."

Sufeto ya dubi agogo. Sha biyu ta gota.

Yanzu ya gane wasan. Wani ya ɗauke jirgin tsoho, ya haɗa irinsa cikin gaggawa, ya kawo ya take a ƙasa domin kada kowa ya nemi na gasken. Ya kwaikwayi komai, har lambar da ke jikin hanci. Koren ne kawai hannunsa ya ƙi shafawa.

Adli yana da kantin magani a bakin titin tarago. Yana ganin 'yan sanda ya fara gyara kwalaben da ba su karkace ba.

"Ƙarfe nawa ka ga tana kakkaɓe tebur?"

"Wajen... bakwai da rabi."

"Mai shayin ƙasa ya ce tara saura ka iso, har ka tsaya ka sha kofi biyu kafin ka hau. Shi ke ƙarya ko kai?"

Adli ya share gumi da hannun riga.

"Ka san hukuncin shaidar zur, ko in karanto maka?"

"Basha, ka rufa mini asiri, ina da iyali. Injiniya ne ya ja ni gefe. Ya ce ai kowa ya san ita ce, kawai a ƙarfafa magana don kada 'yan sanda su yi wasa da ita."

"Ita ba ta da iyalin, ko? Kulle kantin, ka bi Saje ka rubuta abin da ka faɗa yanzu."

Samun takardar izinin bincike ya ci sa'a ɗaya da rabi, Sufeto yana ta safa da marwa a baranda yana cizon leɓe. Biyu da kwata suka ƙwanƙwasa ƙofar Midhat a unguwar Rushdi.

Shi da kansa ya buɗe. Ya cire kwat, ya ɗaura ƙyallen aiki a ƙirji, ga fenti ruwan toka a babban yatsansa.

"Basha! An kai ta kotun?"

"Shawarar masani na zo nema, Injiniya." Sufeto ya zaro fiffiken daga kwali. "Yaya ka ga aikin nan?"

Midhat ya karɓa, fuskarsa ta saki. "Tsaf yake. Kalar daidai, ko a littafi iyakarta ke nan."

"Kai da ka yi wata da watanni kana faɗa a kan koren faci, ba ka lura yau da safe cewa babu shi ba?"



Sufeto ya miƙa masa takardar, ya wuce ciki. Warin ne ya kai shi ɗakin. Jirage sun fi ɗari a cikin kabad na gilashi, an jera su kamar kayan ɗakin amarya. A tsakiyar tebur, ƙarƙashin fitila, ga Mig ɗin Usta Shukri. An zagaye fiffiken hagu da salatif, rabin koren ya riga ya ɓace ƙarƙashin ɗanyen fenti. Kusa da shi, cikin auduga, ga wani murfin gilashi na biyu yana ƙyalli.

"Wannan kuma na wanda ka take ne," in ji Sufeto. "Me ya hana ka haɗawa da shi?"

Midhat ya zauna a kan kujera daɓas.

"Kwana huɗu na yi ina goge shi," ya ce a hankali. "Na ɗaga ƙafa, na kasa. Sai na cire shi na sa a aljihu."

"To, me ya kai ka?"

Nan fa muryarsa ta dawo. "Ka dubi aikin mana, Basha! Dubi layin ƙusoshin nan, dubi cikin ɗakin matuƙi. Shekara talatin ina haɗa jirage ban taɓa yin kamarsa ba, kuma ba zan yi ba. Sai ya ɗauko koren ƙofar kicin ya dangwala! Gobe alƙalai su ba shi kofi, matasa su kwaikwaya, ƙarya ta zama tarihi. Ba sata na yi ba, gyara masa nake yi. Ba sayarwa zan yi ba, ba na nuna wa kowa. Wa na cuta?"

Saje ya sa hannu zai ɗauki jirgin. Midhat ya yi tsalle.

"Kai, kai! Ba ta fiffike ba! Ta ƙasan ciki ake riƙewa, fentin bai bushe ba!"

Sufeto ya tako gaban Midhat. Ya sha kama ɓarayi, ya kama masu kisa, kusan kowannensu ya san wanda ya zalunta.

"Ka ce wa ka cuta? Matar fa?"

Midhat ya dube shi, ya ɗan tattara gira.

"Wace mata?"

Ba rainin hankali yake yi ba. Da gaske yake tambaya, ya manta da ita sarai.

Sufeto bai jira Saje ba. Ya fizgi ankwa ya datse hannuwan nan masu fenti da kansa, ya ɗaga waya ya kira ofis.

"Ku cire fayil ɗin Umm Karam daga na kotu, yanzun nan. Amma ku roƙe ta ta ɗan jira, kada ta tafi tukuna. Ga wani nan zan kawo, yana tambayar ko wace ce."

Ya tasa ƙeyarsa suka gangara matakala.