Muryar Yaya a Tukunyar Fenti

"Ni na shiga wancan makon, Auta. Yau layinki ne."

"Wancan makon kanki ke ciwo, Yaya. Na gabansa ƙafa. Saura kunne."

"Za ki shiga ko sai na kira Manaja?"

Na toshe hanci na mayar mata da maganarta da muryarta sak, har da murguɗa bakin. Ta kawo min duka da tsumma, na goce.

A masana'antar fenti muke aiki, ni da yayata. Duk lokacin da za a canja launi, sai wani ya shiga babbar tukunyar haɗi ya kankare ta, har ƙarƙashin fukafukan ƙarfen da ke juya fentin. Dokar a fili take: a kashe injin, a datse akwatin makunni da kwaɗo, wanda ya shiga shi ke riƙe mabuɗi. Aljihun rigata ya ɓule, sai na miƙa wa Yaya mabuɗin.

"Kada ki matsa daga nan," na ce mata.

"Ina zan je?"

Rana ta faɗi, ma'aikata sun watse. Na zura tsani na sauka. Ciki sanyi, warin fenti na yankar maƙogwaro. Ina kankara ina tsokanarta a kan direban kamfani da ke zaryar zuwa gidanmu.

"Angon naki har yanzu bai gano inda ake sayar da turare ba?"

"Yi aikinki, Auta."

"Kina nan dai?"

"Ina nan, Auta."

Hannuna ya tsaya cak. Kwaikwayo sana'ata ce, tun ina ƙarama nake shan duka a kansa. Yaya ba ta furta kalma sai ta ja iska ta hanci, da ɗan fito siriri. Wannan muryar ba ta numfashi.

Na ɗaga kai. Bakin tukunyar wayam, sai ƙwan fitila.

"Yaya?"

"Ina nan, Auta."

Daga bayana maganar ta fito. A cikin tukunyar.

Ban waiga ba. Wani ƙauri ya taso kamar na ƙonannen gashi. Guntun fentin da ke ƙasa ya fara ɓulɓula a tsakanin ƙafafuna.

Ƙas!

Na san wannan ƙarar. Kwaɗo ne ya buɗe.

Injin ya yi gurnani. Fiffike ya motsa a hankali, ya shafi cinyata.

Na daka tsalle na cafki tsani. Ƙarfe ya kama takalmina ya murɗa. Na zare ƙafa na bar masa. Ina kama bakin tukunyar, tsanin ya kakkarye a ƙarƙashina.

Can ƙasa aka ƙyalƙyale da dariya.

Da muryata.

Ihuna ya kawo mai gadi a guje, ya katse wutar. Kwaɗon na yashe a ƙasa, a buɗe. Sai ga Yaya ta shigo daga bakin ƙofa tana gyara ɗankwali, direba na biye da ita, mabuɗin na cikin aljihunta.

Tun daga ranar bakina ya mutu. Ko Mama ta ce in yi mata muryar maƙwabciya ta yi dariya, sai in ce barci nake ji.

Da ƙafata da ta gurɗe ta ɗan yi dama aka tara mu a ofis. Na faɗi komai. Na dubi Yaya, ina jiran ta ce ko minti biyu ne ta fita.

"Ban matsa ko'ina ba, Yallaɓai," in ji ta, ba ta ko kalle ni ba. "Kowa ya san halinta. Ita ta yi muryoyinta, ita ta tsorata kanta."

Na dubi mai gadi. Ya sunkuyar da kai. Direban ɗansa ne.

Manaja ya ɗora takalmina a kan tebur, a murɗe kamar an matse wanki.

"To, wa ya kunna injin?"

Yaya ta ja iska ta hanci.

"Wataƙila ma ba a kunna ba, Yallaɓai. Ita ta kwaikwayi ƙararsa."