Auta da Na'urar Ban Ruwa

Kawun Auta yana da lambu a bayan gidansu. Ƙananan itatuwa yake reno a cikin baƙaƙen ledoji, manoma da makarantu suna zuwa saye.

Kawu ya haɗa wata 'yar na'ura da hannunsa. Tana da tsinke da ake sokawa a cikin ƙasa. In ƙasa ta bushe, sai na'urar ta buɗe famfo da kanta. In ƙasa ta ƙoshi, ta rufe. Ko ɗigo ba ya zuba a banza. Da farantin sola take samun wuta.

Wata rana tafiya ta kama Kawu. Ya ce wa Auta, "Jibi za a zo ɗaukar itatuwa ɗari biyu. A bakin kogi za a dasa su, don ruwa ya daina cinye gonaki. Ki riƙa leƙa min su, amma kada ki taɓa na'urar."

"To, Kawu," in ji Auta.

Da hantsi tana wasa da wayar Mama, sai caji ya ƙare, ga shi babu wuta a gida. Ta ruga lambu, ta zare igiyar na'urar daga wutar sola, ta jona wayar a wurin. "Minti goma kawai," ta ce a ranta. Wayar ta kawo, ta ɗauke ta, ta manta da igiyar a ƙasa.

Washegari da ta dawo daga makaranta ta leƙa lambu. Ganyayyaki duk sun yi laushi, sun sunkuyar da kai. Ƙasar ta bushe ƙayau.

Ta shiga gida da kuka. "Mama, na kashe itatuwan Kawu! Ni na zare igiyar."

"Share hawayenki," in ji Mama. "Ai hawaye ba za su ishe su sha ba. Je ki mayar da igiyar, ki ɗauko bokiti."

Famfon a hankali yake ɗigo, don haka suka bi ledojin ɗaya bayan ɗaya da moɗa. Har sai da bayan Auta ya ƙage.

Da safe ta riga kowa fita. Ganyayyakin sun miƙe, sun yi kore shar! Guda bakwai ne kawai ba su tashi ba. Auta ta zauna a ƙasa, ta sauke ajiyar zuciya.

Da Kawu ya dawo, ita ta fara faɗa masa. Ya duba ledojin.

"Da kin ɓoye, da ko ɗaya ba mu samu ba," ya ce. "Ina da wasu da zan cike bakwai ɗin. Amma ke za ki shuka madadinsu."

"Zan shuka goma, Kawu!"

Kawu ya yi dariya, ya miƙa mata iri.

Daga ranar Auta ta gane cewa in an ba ka amana, sai ka riƙe ta da kyau. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri don a samu a gyara.