Ranar Da Na Goya Mijina

"Buɗe ƙofar nan, Mas Danang!"

"Koma ciki, Dik Sekar. Ɗalibanki na jiranki."

"Su yi ta jira! Na ce ka buɗe!"

Wata biyu ke nan da mijina ya ƙaura ɗakin ajiya na bayan gidanmu a garin Malang, inda mace ke kiran mijinta "Mas", shi kuma ya kira ta "Dik". A ɗakin gwaje-gwajen jami'a yake aiki, shi ke gwada masu korona, ya ce ba zai kwaso mana ciwo ni da jaririyarmu ba. Ni kuwa tun safe har la'asar ina manne da kwamfuta ina koyarwa, yarinya a cinya. Sai in dire masa abinci a bakin ƙofa in ruga. Da kunya nake faɗa, kwana biyu shinkafar tana dawowa yadda na zuba ta, ban lura ba sai da na jiyo tarinsa ta bango.

"Mura ce kawai, masoyiyata..."

"Mura? Kai mai gwada mutane, ka gwada kanka?"

Na bubbuga ƙofar.

"Ka gwada?!"

"Tun shekaranjiya... Ina da ita. Asibitoci sun cika, Dik. Kuma akwai sakamakon mutane da ban gama turawa ba."

Raina ya tashi. Na ɗauko dutsen niƙan yaji na hau dukan ƙofar. A bugu na uku ɗan yatsana ya fashe, a na biyar sakatar ta ɓalle.

Yana jingine da bango a kan tabarma, leɓɓansa sun yi baƙi, kwamfuta a cinyarsa. Ya wurgo kofi ya tarwatse a gabana.

"Kar ki matso! Don Allah, Sekar!"

Na taka fasassun na wuce. Na fizge kwamfutar na maka ta da bango, sannan na sharara masa mari. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba!

"Marainiya za ka bar mini? Jami'a ce za ta rene ta?"

Bai rama ba. Numfashi kawai yake ja da kyar, hawaye na bin kumatunsa, nawa ma suka ɓalle.

Sau huɗu na kira motar asibiti, babu wanda ya ɗauka. Na ƙwala wa maƙwabciyarmu Bu Warsini kira ta shigo ta ɗauki yarinya. Na ja shi har kan babur, amma ya kasa zama, sai sulalewa yake. Sai na zaro zanin goyon 'yarmu daga igiyar shanya, na ɗaure shi a bayana tamau.

Muna tafe, kansa a kafaɗata, zafin jikinsa na ƙona ni.

"Ashe kin iya mari, Dik..."

"Yi shiru ka riƙe ni!"

"Ba na jin ƙamshinki... Na yi kewarsa."

"Za ka ji, rabin raina. Har sai ya ishe ka."

A ƙofar asibiti na uku aka karɓe shi. Masu fararen kaya suka kwance zanin, suka hana ni bin su ko taku ɗaya. Ya ɗaga mini yatsu biyu daga kan gadon turawa.

Kwana tara bayan nan aka bugo mini waya ina tsakiyar darasi, aka ce ya rasu. Ba su bar ni na ga fuskarsa ba, ba su bar ni na yi masa wanka ba.

Har yau, abin da ke hana ni sakat shi ne, taɓawar ƙarshe da tafin hannuna ya yi wa fuskar Danang, mari ne.