Wurin da Ciyawa Ta Ƙi Kamawa

Da la'asar na jingine kekena a ƙofar gidan, buhun taki a baya, shebur da manjagara ɗaure a jiki. Shekara ashirin da biyu ina gyaran ciyawar gidajen mutane, don haka da Auta ta kira ni ta ce filin gidan mahaifinta ya lalace, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Filin ba shi da girma, taku goma sha biyu ne daga baranda zuwa katanga. Mahaifiyar Auta ce ta dasa shi da hannunta, kuma tun da ta rasu bara ba wanda ya ƙara kula da shi. Baban nasu tsohon direban jirgin ƙasa ne, ya haura saba'in, shi kaɗai ya rage a gidan. Ita Auta tana aure a wata unguwa, sai ta tashi daga aiki take leƙo shi.

"Mai lambu, don Allah ka mayar masa da shi yadda yake a da," ta ce. "A nan yake wuni. Ko ya ga kore ya ji sanyi a ransa."

Na karce busasshiyar ciyawa da manjagara, na tuge ƙaya da tsiron banza. Na huda ƙasar da ta daskare don ta sha iska, na cakuɗa yashi da taki na baza, na dasa sabbin saiwoyi, tazarar tafin hannu tsakaninsu. Na nuna wa Baba cewa ya jiƙa ta sosai sau biyu a sati ya fi yayyafin kullum. Cikin sati uku fili ya rufe, kore shar.

Sai wuri ɗaya. Daf da kujerar robar da Baba ke zama, ta hannun dama, akwai wani tabo da bai fi wurin zaman mutum ɗaya ba. Na dasa, kwana uku ta mutu. Na tona ko gara ce ko tsutsa, ban ga komai ba. Na kwashe ƙasar har zurfin kamu guda, na zuba sabuwa. Ta sake mutuwa. Kuma ba rawayar ƙishi ta yi ba, baƙi ƙirin ta yi, kamar an ɗora mata tukunya daga kan wuta.

"Baba, ko ana zubar da ruwan wanki a nan?"

"Ai sauran ya yi kyau, ɗana," ya ce, bai dube ni ba. "Bar wannan."

Taurin kai irin na mai sana'a ya hana ni bari. Na yi dashe na uku. Washegari na zo ba shi ruwa, sai tayar kekena ta yi faci a hanya, ban iso ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Ina durƙushe a bayan famfo ina haɗa tiyo, Baba ya fito da farar riga wankakkiya, ya zauna. Bai gan ni ba.

Tsuntsayen bishiyar maƙwabta suka yi tsit a lokaci guda.

Ruwa ya tsaya a tiyo, ga famfo a buɗe.

Sai ƙamshi. Man shafawa ne irin na dattijan mata. A ƙarƙashinsa akwai ƙauri, kamar gashi ya taɓa wuta.

Daga gindin katanga ciyawa ta fara kwanciya. Nan ta kwanta, ta tashi. Gaba kaɗan ta kwanta, ta tashi. Sawu ne ke tahowa, amma babu ƙafa. Ya zo kan sabon dashena ya tsaya, na ji ganyen na ƙara a hankali kamar an ɗiga ruwa a garwashi.

"Baban Auta, ka sha maganinka?"

Muryar tsohuwa ce, mai taushi.

"Na sha," in ji Baba. Murmushi yake yi. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

"To yau ka taso mu tafi. Na gaji da komawa ni kaɗai."

Ya dafa hannun kujera, ya fara miƙewa.

Na nemi addu'a, harshena ya manne. Tiyo ya suɓuce mini, ya bugi bokiti.



Sai muryar ta sauya.

"Dogo."

Mutum ɗaya ce a duniya ta taɓa kirana haka. Matata. Shekara shida kenan da ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa.

"Dogo, ka rame. Zo ka zauna."

Wallahi na tashi. Babu tsoro a raina ko kaɗan, sai wata kewa da ta mamaye ni. Na yi taku ɗaya. Na yi na biyu.

A na uku na taka manjagarata. Haƙorinta ya huda silifas, ya shige tafin ƙafata.

Zafin ne ya buɗe mini baki.

"A'uzu billahi!"

Na rungumo Baba ta baya, na ja. Hannunsa na dama a miƙe yake, wani abu na riƙe da shi. Ina ja, ana ja. Hucin wurin kamar bakin tanda. Ina karanta Ayatul Kursiyyu, ina tuntuɓe, ina sake farowa.

"Dogo, kar ka yi mini haka."

Na rufe ido, na ɗaga murya.

Aka sake shi. Muka zube a baranda tare, ruwa ya ɓarke daga tiyo yana feshi ko'ina.

A wuyan hannunsa akwai shatin yatsu huɗu, dogaye fiye da na mutum, sun tashi kamar ƙuna.

"Baba," na ce ina haki, "ba ita ba ce."

"Na sani, ɗana. Tun ranar farko na sani. Ita ba za ta ce in tafi in bar Auta ba." Hawaye na bin gemunsa. "Amma muryarta ce. Shekara arba'in da shida ina jin muryar nan."

A yammacin nan na kira Auta, ta zo ta tafi da shi gidanta. Aka yi addu'o'i a gidan, aka rufe ɗakuna. Ta roƙe ni in ci gaba da kula da filin. Da ƙafata ta warke na sake dasa wurin, ya kama cikin kwana goma.

Bayan wata biyu na je gaishe shi. Yana kwance a ɗakin jikokinsa, ya zama ƙashi da fata. Auta ta ce ba ya magana sai an matsa masa, amma da ya gan ni ya ɗago.

"Mai lambu. Wurin ya rufe?"

"Ya rufe, Baba. Ba za ka ma gane inda yake ba."



"To, ta sake rasuwa kenan," ya ce, ya juya fuskarsa bango.

Ban gaya masa ba cewa sau biyu ina komawa gidan da faɗuwar rana, in durƙusa a bayan famfo, in jira. Ba wanda ya kira ni.