Sai An Sake Ta

Kafin ya soka filas ɗin ajiyar bayanai a jikin kwamfuta sai ya hura shi, kamar mai fifita shayi. Abin da Nuriyya ta fara lura da shi ke nan game da Djibril, ta yi saurin sunkuyar da kai don kada ya ga murmushinta.

Ita ce sakatariyar ƙungiyar dillalan shanu ta Dapaong, wadda mahaifinta Alhaji Karimu ke shugabanta. Sun sayi sabuwar kwamfuta, amma tsohuwar manhajar da take buga takardu da ita ta ƙi aiki a kanta, shi ya sa aka kira mai gyara daga Sokodé.

"Manhajan nan, shi ya tsufa," in ji Djibril. "Zan lallashe shi ya zauna, amma lasisinshi yana ɗaure a tsohon kwamfuta."

"Ita," ta ce a hankali.

"Wa?"

"Manhaja ita ce. Kwamfuta ma ita ce."

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Bakotokole ne, a zango ya tsinci Hausarsa, komai a wurinsa "shi" ne, har mahaifiyarsa. Tun daga ranar ta raɗa masa Malam Shi, shi kuma ya ce mata Sakatariyata.

Aikin ya ja, zancen ma ya ja. Ya ɗora mata manhajar ta wucin gadi, ya tafi da tsohuwar kwamfutar Sokodé don ya kwance lasisin. Saƙonninsa suka riƙa zuwa.

"Sakatariyata, yau na ce wa Inna 'ita'. Ta tambaya ko ba ni da lafiya."

"Ka kusa zama Bahaushe, Malam Shi."

"Zama naki nake nema, Bahaushen ya jira."

Kawunnansa suka zo gaisuwar neman aure. Alhaji ya karɓi goro, ko da yake ransa ya fi kwanciya da Mamadou, ɗan amininsa mai shagon kwamfuta kusa da tasha.

Wata safiya saƙon murya ya shigo. Hannuwanta na kan aiki, sai ta kunna shi a fili, ba ta ji shigowar Baba ba.

"Sakatariyata, tsohuwar nan tana ba ni wahala, ta ƙi fita. Amma gobe zan sake ta. Da zarar takardar ta fito zan zo Dapaong a ɗaura. Ki ce Baba ya ƙara haƙuri."

"Ɗora" yake nufi, harshensa ne bai raba ɗora da ɗaura ba. Kuma ko sau ɗaya bai yi kuskuren "ita" ba.

"Ashe yana da mata," in ji Alhaji.

"Baba, manhajar yake nufi. Wallahi manhajar ce."

"Yaron da ke ce wa uwarsa 'shi', yau zai ce wa na'ura 'ita'? Na'ura ake saki, Nuriyya? Na'ura ake ba takarda? Ban kai ki jami'a don ki raina mini hankali ba. Wanda ya kori wata dominki, gobe ke zai kora."

A ranar ya aika a mayar da goro, a karɓo kwamfutar yadda take. Djibril ya yi doguwar tafiyar nan daga Sokodé ta garuruwan Kara da Mango, ya wuni a ƙofar gida, ba a ce ya shigo ba. Ta leƙe shi ta tagar ɗakinta har ya tashi ya kakkaɓe wandonsa.

Daga cikin mota ya rubuto mata: "Da na bar Hausata yadda take, da yanzu muna tare."

Ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Ita ta gyara masa baki, da hannunta.

Damina ta wuce. Ta rame har zoben mahaifiyarta marigayiya ya fara zamewa daga yatsarta. Mamadou yakan zo hira, mutum ne mai kirki, ita kuwa sai ta kafa wa tabarma ido har ya gaji ya yi sallama.

Sai wa'adin wucin gadin ya cika. Takardu suna buɗewa, amma ko harafi ba ya rubutuwa. Aka kira Mamadou.

"Zan iya sa muku irin wadda ake kwafa a kasuwa, Alhaji."

"Ta sata? Ba a ofishina ba."

"To sai dai a koma kan tsohuwar. Sai an sake ta tukuna, takardar lasisi ta fito, sannan a ɗora a nan."

Alhaji ya cire tabarau.

"Me ka ce? Haka kuke faɗa?"

Mamadou ya dubi Nuriyya, ya ga hawaye na bin kumatunta, ya gane abin da amsarsa za ta raba shi da shi.

"Haka muke faɗa, Alhaji. Kowane mai gyara."

Alhaji ya daɗe yana murza gemu. Bai dube ta ba sa'ad da ya ce, "Ba ni lambar kawun yaron nan."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura auren. Da motar Sokodé ta tsaya a ƙofar gida, Djibril ya durƙusa gaban surukinsa.

"Baba, zan riƙe shi amana."

Mata suka kwashe da dariya, har amarya a cikin lulluɓinta. Alhaji bai gyara masa ba. Ya ɗora hannu a kan 'yarsa.

"Allah ya yi muku albarka. Na sa ki kuka ba da hakkinki ba, Nuriyya. Allah ya sa shi ne na ƙarshe."

Ta riƙe gefen rigarsa tana kuka, sai da gwaggonta ta ɓamɓare yatsunta. Da mota ta tashi ta ɗaga mayafi tana nemansa cikin masu ɗaga hannu. Ba ya cikinsu. Can ta hango bayansa, shi kaɗai, ya bi lungun masallaci a hankali, bai waiwayo ba.