Kujeru Bakwai a Ƙarshen Sahu

"To kwamfutar fa, Dokta? Ita ɓarawon bai gan ta ba ne?"

"Ga ta nan kana gani, Shef. Ba ita ya zo nema ba. Dosiyen takardun bincikena ya ɗauka, kuma na san mai aikin."

Sufeto Inoussa ya ƙara bin ofishin da kallo. Ranar Juma'a ce, an yi satar daidai lokacin da maigadi ya kulle ƙofa ya tafi masallaci. Kilinik ɗin yana bakin Zongo ta wajen hanyar Jonquet, ofishin kuma a saman bene yake. Tagarsa 'yar ƙarama ce, wadda sai mutum ya hau katanga ya durƙusa a bakinta kafin ya iya cusa kansa ciki.

Gilashin tagar a fashe yake. Sufeto ya duba ƙasan ofishin, tas, ko ɓarɓashi babu. Ya leƙa waje, sai ga gutsattsarin can ƙasa a tsakar gida suna ƙyalli a rana. Ya rubuta wannan a littafinsa.

Dokta Kamaludeen likitan ƙashi ne, haifaffen Zongo da ya yi karatu a Turai ya dawo. Bangon ofishinsa cike yake da hotunan samari 'yan ƙwallo suna murmushi bisa sanduna. Ya yi wa Sufeto bayani da muryar wanda ya saba a saurare shi. Shekara uku ke nan yana bincike a kan samari talatin da jijiyar cikin gwiwarsu ta tsinke a fili. Yakan yanko zare daga jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, ya huda ƙashi, ya dasa shi a madadin wadda ta tsinke. Aikin sananne ne, amma shi yana da hanyarsa ta kansa, yana yankowa da faɗi don gwiwar ta yi saurin ƙarfi.

"Turawa gudu kawai suke tambaya," in ji shi. "Ni salla nake tambaya. Cikin talatin, ashirin da takwas sun koma sujada kafin wata shida. Ranar Alhamis zan kai wannan sakamako taron likitoci a Faransa."

A cewarsa, koren dosiyen da aka ɗauke shi ne ke ɗauke da takardun awo na asali. Ya ce ba ya son surutu, ba ma shi ya kira 'yan sanda ba, maigadi ne ya ga gilashi ya yi azarɓaɓi. A dai kamo Mansir, wani tsohon majinyacinsa da ya zage shi a gaban mutane makon jiya, a karɓo takardun, shi ke nan.

Sufeto ya ɗago kai. Shekararsa goma sha takwas a aiki, bai taɓa ganin wanda aka yi wa sata yana jin haushin wanda ya kira masa 'yan sanda ba.

A ɗakin motsa jiki da ke ƙasa ya tarar da Chérifa, ma'aikaciyar da ke gasa wa majinyata gwiwa tana auna yadda take lanƙwasuwa. Siririya ce, idanunta sun yi ja kamar ta sha hayaƙi. Ta ce tun sha biyu ta tafi kasuwar Gbégamey sayen kifi. Da ya tambaye ta Mansir, sai ta shiga ninke tawul ɗin da tun ɗazu a ninke yake.

"Majinyaci na bakwai ne, Shef. Iyakar abin da na sani ke nan."

Washegari aka ce masa idan Mansir yake nema, ya je ƙaramin masallacin bayan kasuwar dabbobi da la'asar. Sufeto ɗan unguwar ne, a masallacin nan ya koyi alwala, sai dai aiki ya daɗe da raba shi da shi. Ya iso an riga an ta da salla, ya shiga sahun baya.

Da liman ya yi kabbarar sujada, kafin goshin Sufeto ya kai ƙasa, gefen idonsa ya ga abin da ya hana shi nutsuwa har aka sallame. A ƙarshen sahu fararen kujerun roba bakwai ne a jere. Tsofaffi 'yan shekara saba'in sun zube sun kai goshi ƙasa, a kan kujerun kuwa samari ne masu faffaɗan ƙirji, babu wanda ya kai talatin, suna sunkuyar da kai a iska, ƙafafunsu a miƙe gaba kamar na aro.

Bayan addu'a ya nemi Baba Yaƙubu ladan. Tsohon ya riƙe hannunsa ya yi masa faɗan daɗewa bai leƙo su ba, sannan ya bi idonsa zuwa kujerun.

"Da kujera ɗaya muke da ita, ɗana, ta marigayi Malam Abdurrashid. Yanzu ka gani. A nan bakwai, a masallacin layin mahauta biyar, sauran ban ƙirga ba. Duk yaran asibitin gwiwa ne."

Sufeto ya tambayi wanda yake sayen kujerun. Baba Yaƙubu ya ce wata baiwar Allah ce, duk sa'ad da yaro ya cika wata shida da aiki bai iya durƙusawa ba, sai a ga ɗan zemijan, mai babur ɗin haya, ya sauke kujera a ƙofar masallaci. Ta roƙa kada a faɗi sunanta, amma wa zai ɓoye wa hukuma? Chérifa ce, 'yar Alhaji Moctar mai shanu, wadda za a ɗaura wa aure da Mansir bayan babbar salla.

Majinyaci na bakwai. Sufeto ya tuna maganarta a kilinik.

Mansir yana bakin famfo yana ƙoƙarin zura takalmi ba tare da ya sunkuya ba. Shekara biyu da suka wuce, duk Zongo babu wanda bai san ƙafarsa ta hagu ba. Sufeto da kansa ya taɓa tsayawa cikin rana ya ga yaron ya yanke mutum uku ya zura ƙwallo. Yanzu rigunan waya yake sayarwa a ƙarƙashin laima a Jonquet.

Sufeto bai gama gabatar da kansa ba Mansir ya tare shi.

"Ni ne, Shef. Ni na hau katanga na fasa taga. Ba sai ka wahalar da kowa ba."

"Ina dosiyen?"

"Na jefa shi a ruwan lagun."

Sufeto ya ja shi bayan masallaci inda babu idon jama'a. Ya ciro ankwa daga aljihu.

"Tunda ka amsa, durƙusa in sa maka."

Mansir ya dube shi. Ya dafa bango, ya soma sauka a hankali. Gwiwar ta lanƙwasu rabi ta tsaya. Ya ciji leɓe ya matsa mata, gumi ya keto masa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ƙoƙon gwiwar yana taɓa siminti ya saki wani nishi, ya kife ta gefe.

Sufeto ya mayar da ankwar, ya ɗago shi, ya kakkaɓe masa riga. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji a aikin nan ba. Ya gaya masa a hankali cewa wanda bai iya kai gwiwa ƙasa don Ubangijinsa ba, bai durƙusa a bakin tagar bene ba, kuma gilashin ma daga ciki aka fasa shi, hannun mai makulli ne.

Mansir ya juya fuska ga bango.

"Shef, ka rufa mata asiri. Ni na riga na ƙare. Ita ba ta ƙare ba."

Ranar Litinin da safe Sufeto ya kira Dokta Kamaludeen da Chérifa ofishinsa a komisariya, caji ofis ɗin unguwar. Mansir ya biyo ta ba a gayyace shi ba, ya zauna a bencin waje, ƙafa a miƙe.

Sufeto ya fara da kifi. Ya ce ya aika Gbégamey, masu kifin sun san ta sarai, kuma rabonsu da ita tun Talata. Ya zo kan gilashi, ya zo kan makulli. Da ya ambaci kujeru, Chérifa ta buɗe jakarta ta ciro koren dosiye ta ajiye a kan tebur, ta bar tafin hannunta a kansa.

Ta yi magana ba kuka, kamar mai karanta abin da ta daɗe da haddacewa. Ita take auna kowace gwiwa duk wata, ta rubuta da hannunta. Cikin samari talatin, tara ne kawai suka koma sujada. Sauran gwiwarsu ta yi ƙarfin gudu na ɗan lokaci, amma gaban ƙoƙon, inda aka yanko zaren, ba ya jure taɓa ƙasa. Ta sha gaya wa Dokta, yana cewa lokaci ne. Ranar Alhamis da ta wuce masu shirya taron suka nemi ganin takardun asali, sai ya ba ta sababbin takardu ya ce ta kwafe da lambobin da zai faɗa mata, tsofaffin kuma a ƙone kafin Asabar.

"Gilashin fa?" in ji Sufeto.

"Da na ɗauka shiru, da shiru za a neme shi. Na san in maigadi ya ga gilashi, ku zai kira." Ta dubi Dokta. "Ni na kai Mansir wurinsa, Shef. Wurin maɗori ya so ya je. Na zauna na yi ta lallashinsa kwana uku, na ce masa wannan ilimi ne. Da bakina na ce masa zai koma fili."

Dokta ya gyara zama. Ya ce yarinya ce ba ta san yadda ake karanta awo ba, kowane bincike yana da gyare-gyare, kuma ba don shi ba da rabin yaran nan ko tafiya ba sa yi. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, Sufeto ya sani, shi ya sa ya fi ciwo. Daga nan muryar Dokta ta yi laushi.

"Chérifa 'yata ce, Shef. Mahaifinta aminin yayana ne. Na janye ƙara. A ba ni kayana, kowa ya tafi gida, ta yi aurenta lafiya. Kwamishinanku ma na yi magana da shi da safe."

Sufeto ya dube ta, ya shimfiɗa mata maganar yadda take, don kada ta ce ba ta sani ba. Idan aka kashe magana a nan, kaya na mai kaya ne, dosiye ya koma hannun Dokta, ita kuma ta kwana a ɗakinta. Idan ya rubuta amsa laifinta ya tura, dosiyen ya zama shaida, a ɗaure shi a buga masa hatimi, mai gabatar da ƙara da alƙali su karanta shi shafi-shafi. Amma ita za ta kwana a tsare a sel yau, takardar aikinta za ta iya tafiya, auren babbar salla kuma sai yadda Allah ya yi. Dokta kuwa, yau dai, gida zai koma a motarsa.

"Ƙanwata, ki yi tunani."

"Na yi, Yaya. Jibi Laraba akwai wata yarinya, Najwa, 'yar ƙwallon hannu, shekararta goma sha tara. Ita ce ta talatin da ɗaya." Ta ɗauke hannunta daga kan dosiyen. "Na gaji da sayen kujeru."

Sufeto ya tuna kwamishina da irin kallon da zai yi masa. Ya tuna garuruwan arewa masu nisa inda ake tura masu taurin kai. Sannan ya tuna goshin samarin nan bakwai yana rataye a iska, taku ɗaya tsakaninsa da ƙasa, kuma takun ba ya cikuwa.

Ya jawo takarda ya rubuta jawabinta, ya karanta mata, ta sa hannu. Ya kira 'yar sanda mace. Bai bari a sa mata ankwa ba.

Da aka fito da ita, Mansir ya yunƙura ya miƙe da ƙyar. Ba su taɓa juna ba. Ta dubi ƙafarsa, ta ce masa kada ya bar motsa ta safe da yamma ko ba ta nan, sau ashirin-ashirin, kamar yadda ta koya masa. Ya gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa, ya bi bayanta da ido har ƙofar ƙarfen ta rufe.

Sufeto ya koma ofis. Dokta Kamaludeen yana tsaye, ya miƙa hannu zai ɗauki dosiyen. Sufeto ya riga shi. Ya ɗaure shi da igiya, ya ɗiga jan kakin hatimi a kan ƙullin, ya danna tambarin komisariya, sannan ya ɗago ya dube shi ido cikin ido.

"Ƙarar nan ba za ta janyu ba, Dokta. Yau da azahar ni da kaina zan kai dosiyen nan kotu, in wuce gidan su Najwa in gaya wa iyayenta abin da ke ciki. Ka je ka gaya wa kwamishina haka na ce."